Amsoshin Takardunku: Rawar Mutanen Duwatsun Maroko

Takardarmu ta farko a wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Tawa, Jamhuriyar Nijar. Ya ce ya ga wasu mutanen Maroko a talabijin sun jeru kafaɗa da kafaɗa cikin fararen kaya suna waƙa, shi ne yake tambaya su wane ne, kuma nawa ake biyansu.

To Malam, mun gode. Waɗannan su ne Amazik, dangin Buzaye ne ta wajen harshe. Rawar kuwa, a kudancin duwatsun Atlas da kwarin Sus ana ce mata ahwash. Mutanen tsakiyar Atlas suna da tasu, ahidus.

Batun biya, a ƙauye ba a biyan kowa, don mutanen gari ne ke yi wa kansu. Bayan girbi, ko ranar biki, sai a taru da dare a dandali. A hura wuta, a gasa fatar 'yan ganguna masu kama da rariya har ta ɗaure. Wani mai baki ya jefo baiti da ya tsara nan take, wani ya mayar masa, sai sahu ya karɓa gaba ɗaya. Ana farawa a hankali, kiɗa na ƙara zafi. A cikin baitocin akwai godiya ga Allah da yabon mai biki, akwai kuma habaici, inda ake amayar da abin da ke damun gari a gaban kowa.

Ka lura da sahun nan. In ƙafar mutum ɗaya ta saɓa, duk an ji a kafaɗa. Kuma waɗannan mutane su ne ke rabon ruwan lambu, su ne ke fita aikin gayya, wanda suke kira tiwizi. Wanda kuka haɗa kafaɗa jiya, da wuya ka ƙi amsa gayyarsa yau.

Sai dai samari na ta tafiya ci-rani Kasabalanka da Agadir da Faransa, sahu na raguwa. A 2017 hukumar UNESCO ta sa wata rawarsu, taskiwin, wadda ake yi da ƙahon albarushi a kafaɗa, cikin al'adun da ke buƙatar ceto da gaggawa, don matasa sun ja baya da koyonta.

Da fatan ka gamsu, Malam. A gaida mutanen gida. Sai takarda ta gaba.