Neman kifin bass a baƙon ruwa

A Amurka akwai wani kifi mai faɗin baki da ake kira bass, wanda masu fatsa ke yin doguwar tafiya dominsa. Gwaninsu idan ya isa tafkin da bai sani ba, ba ya gaggawar jefa ƙugiya. Taswirar zurfin ruwa yake fara dubawa, ya gano inda rafi ke shigowa da inda ƙasa ta zurma.

Dalili kuwa, bass ɗan kwanton ɓauna ne. Yana laɓewa a gindin kututture ko cikin ciyawar ruwa, yana dakon ƙananan kifaye.

Tafkin Fork na jihar Texas shaida ne. Da aka datse ruwansa a 1980, an bar itatuwa tsaye a ciki, suka zama maɓoya. A can aka kama bass mai kilo 8 da ɗoriya a 1992.

Da asuba kifin yakan matso gaɓa. Rana na take tsaka sai ya nutsa, mai fatsa kuma ya ƙara wa igiyarsa dalma ya bi shi ƙasa.