Idan Injin Haƙa Ya Ci Karo da Dutse

Iyayenmu malamai, masu ba da waƙafi, da 'yan kwamitocin masallatai, maganata a kan ranar da aikin rijiya ya ƙi tafiya yadda aka tsara ne.

Galibin ƙasar Kano da Zariya a kan dutse take zaune, ruwanta kuwa a tsagogin dutsen yake maƙale. Shi ya sa akan haƙa burtsatse a harabar masallaci a tarar da ita a bushe ƙamas, alhali ga ruwa a bayan katanga. Binciken masana kafin haƙa yana rage wannan asara, amma ba ya kawar da ita.

A ranar ɗan kwangila zai ce a ƙara zurfi ko a matsa gaba, kuma kowace mita kuɗi ce. Roƙonmu ga kwamiti shi ne a dakata tukuna. A rubuta zurfin da aka kai da sabon farashi, kowa ya sa hannu. Sa'an nan a koma ga mai waƙafin, domin sharaɗinsa abin kiyayewa ne a wurin malaman fiƙihu. Wanda ya ce rijiya a wannan masallaci bai ce a filin maƙwabci ba. Kuɗin da aka tara don rufi ma ba a karkatar da su zuwa haƙa, komai kyawun niyya.

Idan sabon wurin mallakar wani ne, a karɓi takardar sadaukarwa a gaban mai unguwa da shaidu kafin injin ya motsa, domin wata rana magada za su tambaya.