Ziyarar Dausayi a Hamada: Kada a Tafi Babu Jagora

(Wannan jawabi ne da mai duba azuzuwan yaƙi da jahilci ya yi wa ɗalibai manya masu shirin ziyarar yini ɗaya zuwa dausayin Tulo-Tulo. Mun buga shi domin sauran masu karatu su amfana.)



   

Na sami labari kun yi shawara a aji za ku tara kuɗi ku je ku ga dausayi a cikin hamada. Madalla da wannan shawara. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma hamada tana da dokokinta. Wanda ya kiyaye su zai je lafiya ya dawo lafiya, da yardar Allah. Wanda ya raina su yana iya rasa ransa. Saboda haka ku ba ni hankalinku. Mai biro da littafi ya rubuta abin da ya ji.

Mene ne dausayi?

Dausayi wuri ne mai ruwa da itatuwa a tsakiyar rairayi. Za ku yi ta tafiya cikin tuddan yashi, ba inuwa, ba ruwa. Sai kwatsam ku hango kwari a ƙasa, kore shar.

Daga ina ruwan yake zuwa? Daga ƙarƙashin ƙasa yake. Ruwan sama da ya nutse cikin yashi shekara da shekaru yana nan kwance a ƙasa. A kan tudu yana da nisa. A cikin kwari kuwa yana kusa. Akwai inda za a haƙa kaɗan a same shi. Akwai inda ya fito fili da kansa. Saiwar dabino da ta goriba tana kai wa ga wannan ruwa, shi ya sa suke rayuwa ko da rani.

A wasu kwaruruwan za ku ga tsakiyarsu fari fat. Kanwa ce. Rana tana busar da ruwan, sai ya bar kanwa a bisa ƙasa. Ita ce ake tarawa a kai kasuwa. Da ita kuke dafa wake, da ita kuke miyar yauƙi, ita kuke ba dabbobi.

Inda za ku je

Tulo-Tulo tana cikin Ƙaramar Hukumar Yusufari, a arewacin Jihar Yobe, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar. An ƙirƙiro Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Borno a shekarar 1991. A cikin wannan ƙaramar hukuma kuma akwai dausayoyin Bulatura. Su wani sashe ne na Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda shi ma aka kafa a 1991. Wanda zai shiga Bulatura sai ya nemi izinin ma'aikatan gandun.

Wannan ƙasa ta Mangawa ce, kuma akwai Fulani makiyaya. Tun zamanin kakanninmu fatake suke ɗauko kanwa da gishirin mangul daga ƙasar Manga su kai kasuwannin ƙasar Hausa. Ashe ke nan tsohuwar hanyar ciniki ce za ku bi.

Abu na farko: jagora

A zamanin fatake babu ayarin da yake tashi babu madugu da jagaba. Sun san dalili. Tuddan yashi duk kama ɗaya suke wa baƙo. Iska tana share sawun mota cikin ɗan lokaci. Hanyar da aka bi bara tana iya zama ƙarƙashin yashi bana. Baƙo makaho ne ko yana da ido. Ga iyakar wata ƙasa kusa, mutum yana iya ƙetarewa bai sani ba.

Wane irin jagora za ku nema? Ku nemi ɗan ƙasar, wanda ya saba bin hanyar a wannan shekara. Ya zama yana jin Hausa, yana jin yaren mutanen wurin. Ya zama hakimi ko dagacin yankin ya san shi, ya kuma yarda da shi. Kada ku ɗauki wanda kuka gamu da shi a tasha don ya iya daɗin baki ko don kuɗinsa da sauƙi. Araha ba ta ado.

Ga inda karatunku zai yi muku rana. Ku rubuta yarjejeniya da shi a takarda. Ku sa sunansa da na garinsa. Ku sa ranar tafiya, da wuraren da zai kai ku, da lokacin dawowa. Ku sa ladansa, da abin da aka ba shi kafin tashi, da abin da ya rage. Ku rubuta ko kuɗin mai yana ciki ko ba ya ciki. Shi ya sa hannu, shugabanku ya sa hannu, a gaban shaidu biyu. Abin da aka rubuta ba ya zama gardama.

In kun ɗauke shi, to ku bi maganarsa. In ya ce yau ba a tafiya, kada ku matsa masa don kun riga kun biya mota.

Abu na biyu: zaman lafiyar hanya

Kun san rikicin Boko Haram ya taɓa jihohin Borno da Yobe tun daga shekarar 2009. Saboda haka kada ku tashi sai kun tambayi hukuma halin da hanya take ciki a wannan mako. Ku tambayi jami'an tsaro, ku tambayi hakimi. In sun ce a dakata, ku dakata. Dausayi ba ya gudu. Kowa ya riƙe katinsa na shaidar ɗan ƙasa, domin akwai shingayen bincike a hanya.

Ku rubuta sunayen duk masu tafiya a takarda biyu. Ɗaya ku bar wa dagacinku. Ɗaya ku bar wa mai garin da za ku tashi daga cikinsa. Ku gaya musu lokacin da za ku dawo. In lokacin ya wuce ba su gan ku ba, sun san inda za su nema. Kada ku dogara da wayar hannu kaɗai. A cikin yashi akwai wuraren da waya ba ta kamawa.

Abu na uku: lokaci

Lokacin da ya fi dacewa shi ne lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ku guji bazara, daga Maris zuwa Mayu. A lokacin zafin yakan wuce digiri 40, yashi kuma yana ƙona ƙafa. Ko a lokacin sanyin, ranar da hazo ya yi kauri ku fasa, domin jagora da direba ba sa gani nesa.

Tun da ziyarar yini ɗaya ce, ku kwana kusa, a Gashuwa ko a Yusufari. Ku tashi bayan sallar asuba. Da sanyin safiya yashi ya fi ƙarfi, mota ba ta cika nutsewa ba. Ku yi yawonku da hantsi. Da rana ta take ku zauna a inuwa ku huta. Ku kama hanyar dawowa da wuri, yadda za ku fita daga yashi kafin magariba. Kada dare ya same ku a can.

Abu na huɗu: ruwa da guzuri

A watan Oktoba na shekarar 2013, an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, a kan hanyar zuwa Aljeriya. Yawancinsu mata ne da yara. Motocinsu ne suka lalace, ruwansu ya ƙare, ƙishirwa ta kashe su. Allah Ya jiƙansu. Tafiyarku ba ta kai tasu nisa ba, amma ƙishirwa ba ta tambayar nisa.

Ku ƙiyasta wa kowane mutum lita 5 na ruwan sha. Bari mu yi lissafi tare. In ku 10 ne, lita 5 sau 10 ya zama lita 50. Jarka mai cin lita 25 guda biyu ke nan. Sai ku ƙara wasu biyu na ajiya, ko da mota za ta lalace ku kwana. Ruwan lagireto daban. Kada ku ce ai za mu sha a can. Ruwan wasu rijiyoyin dausayi yana da kanwa, yana iya ɓata cikin wanda bai saba ba.

Ku riƙa sha kaɗan-kaɗan tun ƙishirwa ba ta kama ku ba. Guzuri kuwa ku ɗauki wanda ba ya lalacewa, kamar ƙuliƙuli, gyaɗa, dabino, garin rogo da burodi. Maza su riƙe hula ko malafa ko rawani. Mata su riƙe mayafi mai kare ƙura. Kowa ya sa takalmi mai rufe ƙafa. Ku tafi da rigar sanyi, domin asuba a hamada da ɗari take. Mai shan maganin hawan jini ko na ciwon suga kada ya bar shi a gida. Mace mai tsohon ciki da marar lafiya su haƙura sai wani jiƙon.

Abu na biyar: mota

Ƙaramar mota ba ta shiga wannan yashi. Ku nemi motar shiga yashi, irin su Hilux ko Land Cruiser, da direban da ya saba. In da hali ku tafi da mota biyu, in ɗaya ta kafe ɗaya ta ja ta. Kafin ku biya kuɗi, ku duba da idonku. Akwai safaya mai iska? Akwai jak, da shebur, da igiya mai ƙarfi, da famfon taya? Akwai mai na zuwa da dawowa har da ragi? In kun ga direba yana rage iskar taya a bakin yashi, kada ku yi mamaki. Tayar da aka sassauta ta fi shimfiɗuwa a kan yashi. In an fito kwalta zai mayar da iskar.

Idan aka sami matsala

In mota ta lalace, kowa ya tsaya wurinta. Kada wani ya ce bari in taka in nemo gari. Mota tana ba da inuwa, kuma masu nema sun fi saurin hango mota a kan mutum ɗaya.

In kun ga wani yana ciwon kai, yana jiri, jikinsa ya mutu, ko fitsarinsa ya yi ja, rana ce ta buge shi. Ku kwantar da shi a inuwa. Ku sassauta masa tufafi, ku shafa masa ruwa, ku yi masa fifita. Ku haɗa masa ruwan gishiri da sukari: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ya riƙa kurɓa a hankali. In ya fara sambatu ko ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A garzaya da shi asibiti.

Kada ku sa hannu cikin rami ko ƙarƙashin busasshiyar kaba. Kunama da maciji suna fakewa a nan. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti da sauri.

Ladabin baƙo

Dausayi yana da masu shi. Kowane dabino da kowane lambu da kowace rijiya na wani ne. In kun isa, ku fara zuwa gaida mai gari. Kada ku tsinki ɗan itace sai an ba ku. Kada ku yi wanka ko bahaya kusa da ruwansu. Kada ku ɗauki hoton kowa sai da izininsa, balle matan aure. Ku kwashe ledojinku ku dawo da su, domin leda tana kashe awaki. In kuna so ku kyautata musu, ku sayi dabinonsu da tabarmin kabarsu da farashi mai kyau.

Abin da za ku koyo

Jama'a, wannan shi ne babban dalilin tafiyar. Dattawanmu suna tuna farin 1973 da na 1984. Itatuwa sun mutu, dabbobi sun mutu, iska ta sami hanya. Inda aka sare itace kuma dabbobi suka cinye ciyawa ƙarƙaf, yashi yana tashi ya bi iska. A ƙasar Yusufari za ku ga da idonku yadda tudun yashi yake danne gona da itace. Jiharsu tana cikin jihohi 11 na Arewa da gwamnati ta ce hamada tana yi wa barazana, tare da Borno, Jigawa, Kano, Katsina, Sakkwato da sauransu. Saboda wannan ne Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar ganuwar itatuwa a 2007, Nijeriya kuma ta kafa hukumarsa a 2015.

To, ku yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ku tambaye su yadda ake tare yashi. Dabarar da aka sani ita ce a kafa shingen kaba ko na ƙirare a gicciye da iska, sannan a dasa itatuwa a bayansa da damina, a hana dabbobi shiga har su kama. Ku tambaye su yadda ake renon dabino. Za ku ji cewa akwai namiji akwai mace, kuma mace ce take 'ya'ya. Manomi yakan ɗauko furen namiji ya sa a cikin na mace domin ta yi 'ya'ya da yawa. Ku duba yadda suke tattalin ruwa a lambu. Duk abin da kuka ji ku rubuta a littafinku, da sunan wurin da kwanan wata.

In kun dawo, kowa ya karanta wa ajinsa abin da ya rubuto. Wanda ya fi kyau a aiko wa wannan jarida. Sannan kowane aji ya zaɓi fili guda ya dasa itatuwa da damina mai zuwa, ya kuma sa masu ban ruwa da rani. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan zan tsaya. Mai tambaya ya ɗaga hannu. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.