TSOHUWAR WASIƘA BA SHARA BA CE

Jawabin da aka yi wa ɗaliban ajin manya a Nassarawa, Kano

Na san waɗansunku daga gona suka taso, waɗansu daga kasuwa. Saboda haka ba zan tsare ku da dogon surutu ba. Magana ɗaya na zo da ita, watau maganar tsofaffin wasiƙun da ke ajiye a gidajenmu, musamman waɗanda wa ya rubuta wa ƙanensa, ko ƙanwa ta rubuta wa yayanta.

Wurin nan da muka taru ya dace da wannan magana. A nan Nassarawa ne wani Bature, Hanns Vischer, ya buɗe makarantar boko a 1909. Saboda ya iya Hausa ƙwarai, mutane suka sa masa suna Ɗan Hausa. Gidan ƙasar da ya zauna a ciki yana nan har yau, an mai da shi gidan tarihi, ana ce da shi Gidan Ɗan Hausa. Amma kada ku zaci da boko aka fara wasiƙa a ƙasar nan. Tun kafin Turawa su zo kakanninmu suna aika wa juna takarda da Larabci da ajami.

Ga misali daga Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yana da ƙanwa, Nana Asma'u. Ubansu ɗaya, uwa kowa da tasa. An haifi Bello a 1781, ita kuwa a 1793. Duk da girman sarauta, Bello bai daina aika wa ƙanwarsa takarda ba. Wata rana zai fita yaƙi, hankalin mutanen gari ya tashi, sai ya bar mata saƙo a cikin waƙa, ya gina shi a kan ayar Alƙur'ani da ta yi alkawarin sauƙi tare da wuya. Ita kuma ta mayar masa da amsa a kan wannan aya. Daga baya ya rubuta littafi a kan mata salihai, ita ta mai da shi waƙa don mata su haddace. Da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi masa waƙar makoki, ta lissafa halayensa.

To, yaya aka yi muka san wannan duka? Don jikokinta ba su zubar da takardunta ba. Nana Asma'u matar Waziri Giɗaɗo ce. Bayan rasuwarta a 1864 aka ci gaba da adana rubutunta a gidan Waziri, a cikin gafaka, har ya zo hannun Waziri Junaidu. Shi ya ba wata Baturiya, Jean Boyd, izinin dubawa. Ita da abokiyar aikinta Beverly Mack suka tara rubutun, aka buga shi a babban littafi a 1997. Da an bar wa gara takardun nan, da yau sai dai mu ce an ce.

Wataƙila wani zai ce, "Ai waɗannan 'ya'yan Shehu ne. Mu talakawa wane tarihi gare mu?" Bari in ba ku labarin gidanmu, ku yi hukunci da kanku.

Kakana lebura ne, ya yi aikin lambu a gidajen Turawa a nan Nassarawa. Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya tafi Kumasi fataucin goro, bai sake dawowa ba. Tun muna yara abin da mu ke ji a gida shi ne, mutumin nan ya watsar da mahaifiyarsa, ko kwabo bai taɓa aiko mata ba. In yaro ya yi rashin zumunci sai a ce ya ɗauko halin na Kumasi.

Ran nan za a gyara ɗakin kakana, sai aka fito da wata tsohuwar adaka duk ta yi tsatsa. Aka sami takardu a ciki, an ɗaure su da tsumma. Har an ba yara su kai wa mai ƙosai, sai na ga kan sarki a jikin wani ambulan, na karɓe. Wasiƙu goma sha ɗaya ne, duk da ajami, duk daga wan kakana. Na kai wa wani malami muka zauna muka karanta.

Jama'a, kunya ta kama ni. Kowace wasiƙa, bayan gaisuwa mai yawa da so da yarda, abin da ya fara tambaya shi ne lafiyar Inna. A cikin guda shida ya ambaci kuɗin da ya aiko ta hannun fatake, wani lokaci fam ɗaya, wani lokaci fam biyu da turmin atamfa. A cikin ɗaya ya ce ƙafarsa ta lalace, ba ya iya doguwar tafiya, a roƙa masa gafara wurin tsohuwa. Ashe shekara da shekaru muna zagin mutumin da bai ci zagi ba. Kakana mutum ne marar yawan magana, ya rasu da wuri, labari ya karkace a bakin na baya.

A cikin wasiƙar ƙarshe ya ce an haifa masa 'ya mace, an sa mata suna. Daidai wurin sunan gara ta cinye. Goggonmu, wadda ita kaɗai za ta iya tunawa, ta rasu shekara guda kafin a buɗe adakar. Yanzu mun san muna da jini a Kumasi, amma ba mu da sunan da za mu yi cigiya da shi. Wannan hasara ita ta sa na tsaya gabanku yau.

Me ya sa na ce wasiƙar 'yan'uwa ta fi sauran? Domin mutum in zai rubuta wa sarki ko alƙali, sai ya gyara harshe, ya ɓoye abin da zai ɓoye. Amma ɗan'uwansa ba ya yi masa haka. Zai faɗi bashin da ke kansa, da ciwon da ke damunsa, da gonar da aka jinginar, da wanda ya auri wa. Kuma zai kira mutanen gida da sunayen da a ke kiransu a tsakar gida.

Yanzu ga yadda za ku yi in kun sami irin takardun nan.

Na ɗaya, ku nemi shekara. In an rubuta ta Hijira ce, ku tuna shekarar 1370 ta kama a watan Oktoba na 1950, sai ku ƙirga gaba ko baya. In ba a rubuta shekara ba, ku dubi ambulan. Hatimin gidan waya yakan nuna gari da rana. Kan sarki ma shaida ne. In hoton Sarkin Ingila Joji na Shida ne a jiki, to, ya yi sarauta daga 1936 zuwa 1952. In na Sarauniya Elizabeth ne, bayan nan ne. Ambulan ɗin da ke hannuna an buga masa sunan Gold Coast, watau kafin ƙasar ta zama Gana a 1957.

Na biyu, ku lura da abin da wasiƙa ta ambata. In ta yi maganar fam da sule da sisi, mai yiwuwa an rubuta ta kafin naira, wadda ta fito a 1973. In ta ce zamanin Sarki Alhaji Abdullahi Bayero, to, tsakanin 1926 da 1953 ke nan. In ta yi zancen tafiya a jirgin ƙasa daga Kano, ba ta riga 1911 ba, don a shekarar nan dogo ya iso.

Na uku, ku jera su bi da bi, ta farko a sama. Sa'an nan ku ɗauki littafinku na aji ku rubuta kowane suna da kowane gari da kuka gani.

Na huɗu, kuma shi ya fi gaggawa, ku kai sunayen nan wurin tsofaffi tun suna da rai. Ku karanta musu, ku tambaya, "Baba, wane ne wannan? Iya, wace ce wannan?" Abin da suka faɗa ku rubuta. Ku sani kuma wasiƙa bakin mutum ɗaya ce. In ta zargi wani, kada ku yanke hukunci sai kun ji ɗaya ɓangaren. Abin da kuka ga asirin gida ne, ku rufe shi.

Na biyar, ku adana. Kada ku liƙe takardar da ta yage da gam. Ku shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu biyu, ku sa a akwatin ƙarfe, ku ɗora a kan wani abu nesa da ƙasa da ɗigar ruwa. Mai wayar hannu ya ɗauki hotonta, ya aika wa 'yan'uwa. Wanda ajami ko Larabci ya gagare shi, ya tafi wurin malamin unguwa, ko ya nemi shawarar ma'aikatan Gidan Ɗan Hausa ko Gidan Makama.

'Yan'uwa, da tsohuwar zuma a kan yi magani. Kun sha wahalar koyon baƙi da wasali, ga wurin da zai yi muku rana. Da can sai mutum ya kai wasiƙarsa wani ya karanta masa, asirinsa ya zama na kasuwa. Yanzu idonku ya buɗe. In kun koma gida yau, ku tambayi tsohuwa inda adakar ta ke. Kāna wanda ke da wa ko ƙane, ya ko ƙanwa a wani gari, ya zauna ya rubuta masa wasiƙa da hannunsa, ya sa rana da wata da shekara, ya rubuta sunayen yara cikakku. Wata rana jikokinku za su neme ta.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ƙara mana zumunci. Ku sauka lafiya. Haza wasalam.