Yaranmu Da Karatun Zanen Lantarki

 

Maganar da ke tafe da mu yau ta yaranmu ce masu gyaran wayar hannu, da masu haɗa sola da wayarin na gidaje. Mu 'yan kasuwa ne, ba injiniyoyi ba, amma kayan wuta muke sayarwa, kuma a gabanmu ake kuka idan aiki ya ɓaci.

Gaskiya yaran nan suna da hannu. Inda aka bar su a baya shi ne karatun zane. Kowace na'ura tana da taswira da ke nuna inda wuta ta shiga, da inda ta bi, da ƙarfinta a kowane wuri: volt 230 a soket, 5 a caja ta yau da kullum, wajen 3.7 a batirin wayar hannu. Je ka Computer Village a Ikeja ka gani. Wanda ya iya zane sai ya ɗora mita a gurbi ɗaya ya ce ga ciwon nan. Namu kuwa sai ya yi ta canza kaya bisa lalube, har allon ya ƙone, mai waya ya zo da rigima.

Yanzu a kwamfuta ake wannan zane. Akwai manhaja mai suna KiCad, wadda wani malami a Faransa ya fara a 1992, kyauta ake sauke ta. Wani ɗanmu da ke karatun fasaha ya zaunar da mu ya nuna mana, kuma abu ɗaya ya tsaya mana a rai. Ashe ba dole ba ne a ja layi daga wannan ƙafa zuwa waccan. Suna ake ba kowace hanyar wuta. Duk wurare biyu da aka rubuta wa suna ɗaya, misali GND, manhajar ta ɗauka a haɗe suke, ko da ɗaya yana gabas ɗaya yana yamma a takardar.

Muka ce ai wannan huhun goro ne! Iyayenmu da ke lodi daga Shagamu zuwa Kano, alama suke yi wa huhu. Ko a motoci daban aka zuba, duk mai alama ɗaya hannun mutum ɗaya zai shiga. To a nan ma haka, harafi ɗaya ya sauya, kaya ya ɓata. Yaron ya ce shi ma ya taɓa rubuta GND a wani wuri, GND1 a wani, aka buga allon, aka biya kuɗi, ya ƙi tashi. Haka nan layi biyu da suka gitta juna, in babu ɗigo a mahaɗarsu, ba su haɗu ba. Manhajar tana da wurin bincike da ke nuna ƙafar da aka bari a sake, amma sai mutum ya danna, kuma ya karanta abin da ta ce.

Don Allah iyaye, kada a ce yaro ya fara samun na cefane a cire shi daga makaranta. Sunayen nan da Turanci ake rubuta su, kuma jarrabawar NABTEB sai da karatu.

Shawararmu ita ce ƙungiya ta sayi kwamfuta ɗaya, ko ta hannu ce, a ajiye a ofis. Ɗanmu ya yarda zai riƙa koyarwa ran Asabar bayan La'asar. Mu 'yan layin kayan wuta mun ɗauki nauyin mita biyu da man janareto. Mai yaro ya ba Sakatare suna kafin taron wata mai zuwa.