Hanya, Fili da Kwangila: Rabon Malamin Firamare a Zauren Ƙaramar Hukuma

 

Malam Shugaban reshe da sauran shugabanninmu, iyayenmu malamai da suka yi ritaya suka kuma karrama mu da zuwansu, shugabannin makarantu, 'yan uwana malamai mata da maza, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa. Da aka ce in yi magana yau, wani abokin aikina a nan Ambursa ya tambaye ni ko batun ƙarin girma da kuɗin hutu zan ɗauko. Na ce masa a kan kwalbati zan yi magana. Ya yi dariya. Ina fata kafin in zauna zai yarda cewa kwalbati ma maganar ƙungiya ce.

Bayan na fito daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, an tura ni wata makaranta a wani ƙauye da ke bakin fadama. Tsakanin makarantar da wasu unguwanni akwai kwarin da ruwa ke bi. Da rani ba wanda ke kula da shi. Damina na kankama sai rajistar ajina ta fara ramewa: yaran tsallake su ne farkon ɗaukewa, ƙanana kafin manya, 'yan mata kafin maza. Wata shekara aka ba da kwangilar kwalbati a wurin. Mun ga an sauke yashi da siminti, an gama cikin gaggawa, ruwan shekarar kuma ya tafi da shi. Ba a kafa allon da ya nuna mai aikin ko kuɗin aikin ba, kuma ba wanda ya tambaya, har da ni. A lokacin ina ganin wannan ba hurumin malami ba ne. Yau na san na yi kuskure.

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su, akwai kasuwanni da tashoshin mota, har da ba da lasisin kekuna da amalanke da kwale-kwale. A cikin wannan jadawalin dai aka ambaci hannun ƙaramar hukuma a ilimin firamare. Ma'ana, albashinmu da kwalbatin nan tukunya ɗaya suke jira.

Mu dubi tukunyar. A tsarin rabon Asusun Tarayya, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin ɗari, 21 daga cikinsu kuma namu ne na Jihar Kebbi. Shekara da shekaru kuɗin suna bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 ya ambata. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce zaɓaɓɓun majalisu ne kaɗai tsarin mulki ya sani. Aiwatar da hukuncin ya zo da muhawara da jan ƙafa, amma alkiblar ta fito fili: nauyin shawara yana ƙara komawa zauren ƙaramar hukuma.

Iyayenmu da ke zaune a nan sun san dalilin fargabar malamai. A 1988 aka kafa hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa domin daidaita biyan albashi. A 1991 aka rushe ta, aka mayar da nauyin ga ƙananan hukumomi, malamai suka yi watanni ba albashi, yajin aiki ya yawaita, har aka maido da hukumar a 1993. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi gudu. Saboda haka ina tare da ƙungiyarmu ɗari bisa ɗari a kan cewa albashin malamin firamare shi ne za a fara cirewa kafin a taɓa komai. Abin da nake so in ƙara shi ne, idan muka tsare albashi muka kau da kai daga ragowar kuɗin, mun tsare kanmu ne mun bar ɗalibanmu a tsallake.

Na farko, hanya. Muna da manyan ayyuka da muke alfahari da su: titin Birnin Kebbi zuwa Argungu da ya ratsa mu, filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke ƙasar Ambursa, ga kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar da aikinta a Oktoba 2024, wadda za ta ratsa jiharmu. Waɗannan na jiha ne da na tarayya. Amma yaro ɗan aji biyu ƙaramar hanya yake bi, ita ce kuma ta ƙaramar hukuma. Wannan hanyar ce ke fitar da shinkafar fadamar Rima zuwa masana'antun Argungu da Birnin Kebbi, ita ce ke kai mai naƙuda asibiti, ita ce malami ke bi da babur ɗinsa tun da cire tallafin fetur a Mayu 2023 ya ninka masa kuɗin zuwa aiki. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa ta nuna mana wuraren da ruwa ke yanke al'umma. Idan kansiloli suka zauna zaɓen hanyar da za a gyara, kowa mazaɓarsa zai ja wa, kuma ba laifi ba ne. Mu ne ke da shaidar da ba ta da jam'iyya: rajistar aji. Ita ce za ta nuna wace unguwa ke rasa karatu, a wane wata, saboda wane kwari.

Na biyu, fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora amanar ƙasar jiha a hannun gwamna. Shi ke kula da yankunan da aka ayyana birni, sauran kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama da noma a kansu bisa al'ada, da shawarar kwamitin rabon filaye. Makarantunmu da yawa kakanni ne suka nuna wurinsu da baki, suka ce daga tsamiyar can zuwa rijiyar can. Babu awo, babu takarda, babu katanga. Duk inda kwalta ko babban aiki ya iso, ƙasa tana yin daraja, sai a wayi gari filin wasan yara ya zama shaguna, ko a gina gida a kan hanyar ruwa, ruwan ya juyo cikin aji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu kuma tuna cewa idan hukuma ta karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta amfanin gona ce da gine-gine da makamantansu, ƙasar kanta ba ta cikin lissafi. Uban da ya rasa gonarsa bai san haƙƙinsa ba, ɗansa ne zai fara barin makaranta. Bayyana wa iyaye wannan doka a taron iyaye da malamai aiki ne na ilimi.

Na uku, kwangila. Dokar sayen kaya da ba da ayyuka ta tarayya ta 2007 ta tsaya a kan ƙa'ida mai sauƙi: a tallata aiki, a yi takara, a buɗe takardu a bainar jama'a, a ba wanda ya cancanta. Wannan ƙa'ida ba ta yi wa ƙaramar hukuma girma ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta sa kwana 7 a matsayin wa'adin amsa buƙatar mai tambaya. Ban ce kowane ɗan kwangila maci amana ba ne. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, wasu ma aikinsu na lalacewa ne saboda ba a biya su kan kari ba. Na kuma san shugaban ƙaramar hukuma, bayan ya biya albashi, abin da ya rage masa ba shi da yawa. Wannan ma shi ne hujjata. Kwalbatin da aka gina sau biyu ya cinye kujerun ajin da ba a saya ba.

Ina roƙon reshe ya duba shawarwari uku. Mu kafa ƙaramin kwamiti da zai tattara bayanan rajista daga makarantu a ƙarshen kowace damina, ya miƙa su a rubuce ga sakataren ilimi da majalisar ƙaramar hukuma kafin a tsara kasafin shekara, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu nemi a auna filin kowace makaranta a ba ta takarda, kafin nan kuma mu haɗa kai da hakimai da masu unguwanni da kwamitocin makarantu mu shuka dogon yaro a kan iyaka. Sannan mu amince cewa babu shugaban makarantar da zai sa hannu a takardar kammala aikin da bai kammala ba, ƙungiya kuma ta tsaya bayan duk wanda aka matsa wa a kan haka.

Wani zai ce wannan siyasa ce, mu kuwa ma'aikata ne. Tutar jam'iyya ba tamu ba ce, gaskiya ne. Amma tambayar yadda aka kashe dukiyar jama'a haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, in dai an yi ta da ladabi, a rubuce, ta hannun ƙungiya. Allah ya sa wanda ke kan kujerar gwamna, Dokta Nasir Idris, Kauran Gwandu, ya taɓa shugabantar ƙungiyarmu a ƙasa baki ɗaya. Wannan dama ce, sai dai kujera tana da wa'adi. Abin da zai daɗe shi ne al'adar da muka kafa ta halartar zama da yin tambaya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ne ke kiran suna kowace safiya, mu ne ke jin shirun da ke biyo bayan sunan yaron da ruwa ya tare. Idan ba mu kai wannan labari zauren majalisa ba, ba mai kai shi.

Allah ya yi wa iyayenmu albarka, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya shirya mana zuriya.