Ginin Makarantar Sidi Abdulƙadir da Tsarin Ayyukan Jama'a a Zawiyoyi

 

Malaman tarihi sun ambata cewa makarantar da Shehu Abdulƙadir Jilani (Allah Ya ƙara masa yarda) ya zauna a cikinta a unguwar Babul Azaj ta Bagadaza, asalinta ta malaminsa ce, Alƙali Abu Sa'id al-Mukharrimi. Da jama'a suka yawaita har wurin ya kasa ɗaukarsu, sai aka shiga faɗaɗa ta. Mawadata suka kawo dukiya, talakawa suka kawo ƙarfinsu, aka kammala a shekara ta 528 bayan Hijira. A cikin wannan aiki ne wata mata ta zo da mijinta, lebura, tana bin sa sadaki dinari 20. Ta yafe masa rabi bisa sharaɗin ya yi wa makarantar aiki da sauran rabin. Shehu ya karɓi takardar, yana biyan mutumin lada yau, gobe ya ƙirga masa a cikin bashin, saboda sanin talaucinsa. Da ya yi aikin dinari 5 sai Shehu ya miƙa masa takardar, ya sauke masa ragowar.

Abin lura a nan shi ne akwai takarda, akwai lissafi, kuma akwai wanda ya san yawan kwanakin da aka yi da abin da ya rage. Waliyyi ne wanda zukata suka sallama masa, amma bai mai da wannan yarda ta zama madadin rubutu ba.

Zawiyoyi a yau ba su rasa masu bayarwa ba. A daren zikiri ɗaya ana iya tara kuɗin bulo da siminti. Inda ake tuntuɓe shi ne abin da ya kamata a gama kafin a haƙa harsashi, kuma na farkonsa fili ne. Manzon Allah (SAW) da zai gina masallacinsa a Madina bai yarda ya karɓi filin marayun nan biyu, Sahlu da Suhailu, a matsayin kyauta ba, sai da aka saye shi. Sau da yawa wani bawan Allah yakan miƙe a gaban muƙaddami ya ce ya ba da filinsa hubusi, wato waƙafi, a yi kabbara a watse, ba shaidu a rubuce, ba a kuma karɓi filin ba. A mazhabar Imamu Malik, hubusin da ba a karɓe shi daga hannun mai shi ba har ya rasu, ko ya shiga ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa, ya ɓaci. Idan magada suka zo suna neman filin bayan an kai gini linta, ba zalunci suka yi ba, haƙƙinsu suka nema. Ga kuma dokar filaye ta 1978 da ta sanya ƙasa a hannun gwamnan jiha. Don haka a karɓi fili tun mai shi yana da lafiya, a kewaye shi, a nemi takardar mallaka da sunan amintattun zawiya, ba da sunan mutum ɗaya ba, kowane ne shi.

Sai batun kuɗi. Kunya da girmamawa sukan hana almajiri tambayar inda aka kai, shirun nan kuwa shi ke haifar da zato, zato ya raba sahu. Kariya ce ga ma'aji, ba tuhuma ba, a ce mai karɓa daban, mai fitarwa daban, kowane buhun siminti da rasit ɗinsa, a kuma karanta lissafi a bainar jama'a bayan wazifa a lokacin da aka ƙayyade.

Mafi yawan ayyuka kuwa ba wajen gini suke mutuwa ba, bayan bikin buɗewa ne. Rijiyar burtsatse takan tsaya saboda famfon da ya lalace, Islamiyya ta watse saboda malamai sun yi watanni ba alawus. Sayyidina Umar da ya tsayar da gonarsa ta Khaibara, asalin ya riƙe, amfanin yake gudana ga mabuƙata. Shehu Khalil ma a cikin Mukhtasar ya gabatar da gyaran abin da aka yi hubusi da shi a kan rabon amfaninsa. Saboda haka duk zawiyar da ke da kuɗin azuzuwa shida, ya fi mata ta gina huɗu, ta fitar da shaguna biyu a bakin titi waɗanda hayarsu za ta riƙe malamai da kwanon da iska za ta yaye da damina. A naɗa mai kula da su, a rubuta wanda zai gaje shi idan ya gaza ko ya rasu, a ajiye kwafin takardun a wuri fiye da ɗaya.

Allah Ya karɓi hidimar masu hidima, Ya jiƙan magabata, Ya maimaita wa jama'a wannan taro cikin aminci. Amin.